Tambayoyin Masu Karatu: Tsadar da Ake Cewa Tana Cin Hannu da Ƙafa

A wannan fitowa wasiƙu uku muka ɗauko, dukansu daga Damagaram, kuma dukansu a kan magana guda ta Turancin Ingilishi, wato "cost an arm and a leg", wadda ake yi idan abu ya yi tsada. Mun taƙaita wasiƙun saboda ƙarancin fili, amma ba mu taɓa ainihin tambayoyin ba.

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ni ɗan kasuwa ne, ina sayar da atamfa da shadda a Kasuwar Dole. Yawancin kayana daga Kantin Kwari na Kano nake saro su, amma kwanan nan na fara hulɗa da wani mutumin Legas wanda ba ya jin Hausa, ni kuma Ingilishin da nake da shi na lakwal ne, wanda muka taɓa a koleji muka bari. Na tambaye shi kuɗin ɗauko mini dila huɗu ta shadda daga Legas zuwa Kano, sai ya rubuto mini ta WhatsApp cewa: "My friend, transport will cost you an arm and a leg this month." Na gane kalmomin hannu da ƙafa, sai gabana ya faɗi, don na ɗauka ko hanyar ce ba lafiya, ko kuwa direbansa ya yi haɗari. Ƙanena ya ce tsada kawai yake nufi. Malam, gaskiya ne? In haka ne, yana nufin kada in ɗauko kayan ke nan? Kuma ni ma zan iya mayar masa da irin wannan magana idan ya tsawwala mini farashi?

Daga wani ɗan kasuwa, unguwar Zango

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Alhaji. Allah ya sa albarka a kasuwa. Ka kwantar da hankalinka, ƙanenka ya faɗa maka gaskiya: babu haɗari a cikin wannan saƙo, babu wanda ya rasa hannu ko ƙafa, kuma ba maganar tsaron hanya abokin hulɗarka yake yi ba. Idan mai jin Ingilishi ya ce abu zai "cost an arm and a leg", yana nufin abin zai ci kuɗi masu yawan gaske, irin kuɗin da mutum zai ji fitarsu a jikinsa. Kambamawa ce irin wadda kowane harshe yake da ita, an ɗauki gaɓoɓin da ɗan Adam ba zai yarda ya rabu da su ba ko nawa aka ba shi, aka mai da su ma'aunin tsada. Kai da ka zauna a lakwal ka san 'yar'uwarta a Faransanci, wato "coûter les yeux de la tête", inda Bafaranshe yake biya da idanunsa, kuma ba ka taɓa zaton an cire wa wani ido ba idan mushe ya faɗe ta a cikin aji. To, wannan ma haka take.

Abin da nake so ka fi riƙewa shi ne maganar ba ta ɗauke da adadi. Matafiyin da ya sayi ruwan sha a filin jirgin sama da ninkin kuɗin gari zai iya faɗinta, magidancin da ya gama ginin gida ma zai iya faɗinta, alhali tsakanin abin da suka kashe akwai nisa mai yawa. Tana gaya maka yadda mai magana yake jin farashin a ransa, amma ba ta gaya maka farashin ba, don haka ɗan kasuwa ba ya yanke shawara a kanta. Amsar da ta kamace ka gajeriya ce: "How much exactly, per bale?", wato nawa ne takamaimai a kan kowace dila. Ka nemi ya rubuto maka da alƙaluma, ya ambaci sunan kuɗin, ya kuma bayyana ko jimillar ta haɗa da lodi da saukewa da abin da ake biya a kan hanya, sannan ku daddale tun yanzu wanda zai ɗauki asara idan ruwa ya taɓa kayan ko wata dila ta ɓata. Sai ka juya abin da ya faɗa zuwa sefa a kan canjin ranar, ka raba a kan yawan turamen da ke cikin dilolin, a nan ne za ka ga ko tsadar ta cinye ribarka ko ta bar maka wani abu.

Ba sai na tuna wa mutumin Damagaram muhimmancin rubuta adadi da alƙaluma ba, domin ko tsakaninmu da 'yan'uwanmu na Kano, da muke harshe ɗaya, lissafin baki yana ruɗarwa. A wurinmu dala sefa 5 ce, jika kuwa sefa 1,000, amma dattawan kasuwar Kano idan suka ce jaka naira 200 suke nufi, matasansu kuma idan suka ji dala sai hankalinsu ya tafi kuɗin Amurka. Idan haka ta kasance tsakanin Bahaushe da Bahaushe, to ina ga wanda kuke magana da shi da harshen da ba na ɗayanku ba?

A cikin saƙon nasa kalmomin da suka fi amfani gare ka su ne biyun ƙarshe, "this month", wato a wannan wata. Bai ce ɗauko kaya daga Legas tsada gare shi kullum ba, cewa ya yi a wannan wata ne, kuma wannan yana nuna akwai dalilin da yake ganin zai wuce. Ka tambaye shi dalilin. Kuɗin mota yana hawa idan mai ya tashi, kamar yadda kowa ya gani bayan da Najeriya ta cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, yana hawa idan Sallah ko ƙarshen shekara sun matso kowa yana rububin mota, yana kuma hawa idan hanya ta toshe, kamar yadda muka ɗanɗana da kanmu lokacin da aka rufe iyaka bayan juyin mulkin Nijar na watan Yulin 2023, har zuwa watan Maris na 2024 da Najeriya ta sake buɗe nata ɓangaren. Idan dalilin na ɗan lokaci ne kuma rumfarka ba ta yi fayau ba, jira zai iya zama riba. Idan kuwa shaddar ta Sallah ce, wadda bayan Sallah sai dai ta kwanta maka, wataƙila biyan tsadar ya fi jiran. Maganar kanta ba hani ba ce, babu "kada" a cikinta. Mutum yakan faɗe ta don ya gargaɗi abokinsa tsakani da Allah, wani kuma yakan faɗe ta don ya share fage kafin ya ambaci farashi mai nauyi, ta yadda idan adadin ya zo ba za a yi masa gardama sosai ba. Adadin da dalilin su ne za su raba maka tsakanin biyun.

Sai tambayarka ta ƙarshe, ko kai ma za ka iya faɗinta. Za ka iya, amma ka lura da wanda maganar take ɗora wa laifi, domin a nan ne mai koyo yake ɓata hulɗa ba tare da ya sani ba. Ana haɗa ta da aikatau uku. Idan aka ce "cost", laifin yana kan kaya da zamani, kamar ka ce kayan nan sun yi tsada. Idan aka ce "pay", mai saye ne yake ba da labarin abin da ya fita daga aljihunsa. Idan kuwa aka ce "charge", an nuna mutum da yatsa ke nan, domin "You are charging me an arm and a leg" daidai take da ka dubi mai kaya ka ce ka tsawwala mini, kana neman ka kwashe ni. Tsakanin abokai da suka saba ana iya faɗinta da dariya ta wuce, amma a rubuce cikin waya, inda ba a ganin fuska ba a jin murya, kuma ga wanda ba ku daɗe da fara hulɗa ba, tana iya sauka da nauyin da ba ka yi niyya ba. Akwai waɗanda suka fi ta zafi, irin su "rip-off" da "daylight robbery", waɗanda ma'anarsu ta kai ga zargin cuta da fashi da rana tsaka. Ka san su don ka gane idan an faɗa, amma kada su fito daga bakinka zuwa ga wanda kake son ku ci gaba da ciniki.

Ni a ganina ma ba ka buƙatarta wajen ciniki. Dubi yadda abin yake gudana a gaban rumfarka ranar Alhamis, idan kasuwa ta cika. Mace ta ɗaga turmi ta murza bakinsa da yatsu, ta ɗaga shi ga haske, ta tambayi kuɗi, ka faɗa, ta ce Alhaji ai ya yi tsada, a rage mini. Wannan kalma ta tsada buɗe ƙofa ce kawai, cinikin bai fara ba sai ta taya. Ta taya ka ce albarka, ta ƙara ka sake cewa albarka, ta ajiye turmin ta yi kamar za ta tafi, ka kira ta ka ce kawo, na sallama. Abin da ya motsa cinikin tun daga farko har ƙarshe adadi ne, kuka da tsada bai rage ko dala ɗaya ba. Da Ingilishi ma haka ne. "That is too high for me" ta isar maka wajen cewa ya fi ƙarfinka, "Can you come down a little?" ita ce a rage mini, mutanen Legas da na Gana kuma sun saba da "What is your last price?" idan ana neman farashin sallamawa. Bayan haka sai ka taya da adadinka. Maganar hannu da ƙafa ka bar ta sai an gama ciniki kana ba wani labari, nan ne ainihin gurbinta.

TAMBAYA

Malam, barka da aiki. Ni ɗaliba ce a ajin ƙarshe na lise, ina shirin jarrabawar BAC. Malaminmu na Ingilishi ya koya mana "to cost an arm and a leg", ya ce asalinta daga masu zanen hoto ne na zamanin da, waɗanda suke ƙara kuɗi idan mutum yana son a zana shi har da hannuwa da ƙafafu. Shin haka ne? Sannan na rubuta "The rice costed arms and legs" a cikin wani aiki, aka ja mini jan layi a ƙarƙashi ba tare da bayani ba. Ina kuskuren yake? Kuma ya dace in sa ta a rubutun jarrabawa don a ga na iya harshen?

Daga wata ɗaliba, unguwar Birni

AMSA

'Yata, Allah ya ba da sa'ar jarrabawa. Bari in fara da jimlar da aka ja wa layi, domin ita ce za ta iya rage miki maki. Kuskure biyu ne a cikinta. Na farko, aikatau "cost" ba ya sauya siffa idan ana maganar abin da ya wuce: jiya "cost", an riga an yi ma "cost". Siffar "costed" tana nan a harshen, amma aikinta daban, ta masu lissafi ce idan sun ƙiyasta abin da wani aiki zai ci kafin a fara shi. A maganar abin da ke faruwa yanzu kuwa, idan abu ɗaya ake magana a kai, sai a ƙara masa harafin s, a ce "it costs". Na biyu, maganar daskararriya ce, ba a taɓa ginin cikinta. Hannu ɗaya ne da ƙafa ɗaya, hannu ne a gaba, kuma ƙananan kalmomin nan "an" da "a" ba sa faɗuwa. Ba a jam'inta su ko da kayan suna da yawa, ba a juya su a fara da ƙafa, ba a kuma musanya su da wata gaɓa. Ke ma ba za ki ce tashin gwauron kaza ba don kawai kaza da zabo duk tsuntsayen gida ne. Jimlarki idan an gyara ita ce "The rice cost an arm and a leg", idan kuma kina son ki nuna wanda ya biya sai ki saka shi bayan aikatau, ki ce "The rice cost my father an arm and a leg."

Tun da muna kan gyara, ga wani kuskure da ɗalibanmu suke yawan yi a wannan babi, saboda a Hausa muna cewa farashi ya yi tsada kuma ba wanda zai ce mun yi laifi. A Ingilishi kaya ne suke zama "expensive", farashi kuwa "high" yake zama. Ki ce "Rice is expensive" ko ki ce "The price of rice is high", kada ki gauraya su.

Game da labarin masu zane, ya yaɗu ƙwarai, musamman a intanet, inda ake danganta shi da zamanin George Washington, shugaban Amurka na farko, kuma malamai da yawa masu kyakkyawar niyya sun ɗauke shi saboda yana taimaka wa ɗalibi ya riƙe maganar. Akwai ƙwayar gaskiya a cikinsa, domin masu zane na ƙarni na 18 suna yanke kuɗi bisa girman hoton, na kai da kafaɗu ya fi araha, na rabin jiki ya fi shi, na tsayuwa gaba ɗaya ya fi duka tsada. Amma girman allon da yawan aikin ake biya, ba a ƙirga gaɓoɓi ɗaya bayan ɗaya. Abin da ya fi rushe labarin shi ne lokaci. Washington ya rasu a 1799, ita kuwa wannan magana da ma'anarta ta tsada sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu ta fara yawo a jaridun Amurka, a ƙarshen shekarun 1940. Da ta fito daga bakin masu zane, da ba ta yi shekara kusan 150 a ɓoye ba tare da ta shiga littafi ko wasiƙa ba. Abin da ya girme ta a harshen shi ne cewar da mutum yake yi zai ba da hannunsa na dama don ya sami abin da yake matuƙar so, kuma tunanin ɗaya ne, gaɓar jiki ta zama kuɗin saye. Idan za ki kai wa malaminku wannan bayani, ki kai masa shi a keɓe cikin ladabi, da sigar tambaya, domin darasin da ya koya muku na ma'ana daidai ne.

Amsar tambayarki ta uku ta danganta da irin rubutun. Maganar ta hira ce, ta baka, irin wadda ake yi a gida da wurin aiki tsakanin waɗanda suka saba, masu talla kuma suna son ta a sigar korewa, su ce kayansu ba sai sun ci hannu da ƙafa ba. Idan an ce ki rubuta wasiƙa zuwa ga ƙawarki, ko tattaunawa tsakanin mutum biyu a kasuwa, ki sa ta sau ɗaya, za ta yi kyau. Idan kuwa an ce ki yi sharhi a kan tsadar rayuwa, ko ki rubuta takardar neman aiki, ko wasiƙa zuwa ga hukuma, ki bar ta. A can "very expensive" ta wadatar, idan kina son abin da ya fi ta ƙarfi akwai "prohibitively expensive", wato tsadar da ta hana saye, akwai kuma "beyond the means of most families", wato abin da ya fi ƙarfin yawancin iyalai. Na san abin da ke jan ɗalibi ya cusa karin magana a kowane sakin layi, yana son mai gyara ya ga ya yi karatu. Amma mai gyara ya fi ganin ƙwarewa a wurin wadda ta san inda magana take zama da inda ba ta zama, kuma wannan zai ƙara bayyana gare ki idan Allah ya kai ki Jami'ar André Salifou ta nan Damagaram ko wata jami'ar, inda rubutun bincike ba ya ɗaukar kambamawa sam.

Akwai wuri ɗaya da nake roƙonki ki kiyaye ko da a hira ne. Kada ki faɗe ta a gaban wanda ya rasa hannu ko ƙafa, kada kuma ki yi amfani da ita wajen bayyana kuɗin jinyar wanda ya yi haɗari. Masu harshen sun saba da ita har ba sa ganin hoton da ke cikinta, amma wanda abin ya shafa yana ganinsa, kuma muna zaune da irin waɗannan bayin Allah a unguwanninmu da azuzuwanmu.

TAMBAYA

Malam, ina aikin fassara labarai zuwa Hausa a wani gidan rediyo. Na ci karo da wannan magana a bakin wani da aka yi hira da shi a kan tsadar abinci. Yaya zan juya ta? Abokin aikina ya ce in ce abinci ya ci hannu da ƙafa, don a riƙe amanar mai magana.

Daga wani ma'aikacin rediyo, Damagaram

AMSA

Malam, sannu da ƙoƙari. Kada ka bi shawarar abokin aikinka, ko da yake niyyarsa mai kyau ce. Amanar mai magana tana cikin abin da yake nufi, kuma manomin da yake sauraronka a Mirriya ko Magariya idan ya ji an ce wani abu ya ci hannu da ƙafa, haɗarin mota zai zo masa a rai, ko inji, ko ciwon da ya sa aka yanke gaɓa. Mai karanta jarida yana iya komawa baya ya sake dubawa, mai sauraron rediyo kuwa sau ɗaya maganar take wuce shi, abin da ya fahimta a wannan lokaci shi zai kai majalisa. Nauyin da ke kanku ya ƙaru tun da kundin sake gina ƙasa da gwamnatin Nijar ta fitar a watan Maris na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya bar Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki, domin fassara tsakanin ukun za ta yawaita, kuma abin da gidajen rediyo suka maimaita shi yara suke tashi da shi a matsayin Hausa.

Hausa ba ta rasa abin faɗa a kan tsada ba, sai dai kowace magana da inda ta dosa, kuma zaɓen yana buƙatar kunne. Wadda ta fi kusa da ta Ingilishin a nauyi da yanayi ita ce ɗan karen tsada, domin ita ma ta hira ce, ita ma kuka ce daga bakin wanda abin ya dama. Idan mutumin talaka ne yana kokawa, ka ce: a cewarsa abinci ya yi ɗan karen tsada. Kaya sun yi wuta ma tana kusa, ta fi zama a bakin 'yan kasuwa. Idan abin da yake nufi shi ne mutane sun kasa saye, to ya fi ƙarfin talaka ce ta dace, ko ka ce sai wane da wane, kamar yadda ake faɗa a kan babban rago idan layya ta matso. Idan maganar aikin gwamnati ce ko gini, maƙudan kuɗi ta fi kama da harshen labarai.

Wadda nake so ka yi hattara da ita ita ce tashin gwauron zabo, domin ita ce take fara zuwa bakin kowane mai fassara da zarar an ambaci farashi. Wannan magana motsi take bayyanawa, wato farashi ya tashi farat ɗaya daga inda yake. Ta dace da tiyar hatsi idan damina ta faɗi rumbuna sun yi ƙasa, ta dace da jarkar ruwa a hannun 'yan ga-ruwa idan rani ya tsananta famfo ya ɗauke. Ita kuwa maganar hannu da ƙafa matsayi take bayyanawa, abu yana da tsada ko da ya shekara goma a haka. Zinariya tana da ɗan karen tsada kullum, amma ba kullum take tashin gwauron zabo ba. Idan ka sa ta tashi a inda mai magana bai ce an yi tashi ba, ka ƙara labarin da ba ya cikin hirar.

Ka kuma tabbata ka jingina maganar ga mai ita da "a cewarsa" ko "in ji shi", saboda ra'ayinsa ce, ba rahoton gidan rediyo ba. Idan a cikin hirar ya ambaci adadi, ka kawo adadin nan take bayan kukan nasa, ka faɗi sunan kuɗin ƙasarsu, sannan ka juya shi zuwa sefa a lissafin jika da dala yadda masu sauraronka suke ƙirgawa.